Dangwale a ofis ko mai gadi a cikin kwamfuta: wanne ma'aikacin Kano zai ɗauka?

Wata Asabar bayan la'asar ƙanwata ta shigo gidana da takardu biyu a jaka, ko ruwa ba ta sha ba ta miƙo min. Ta farko daga wurin aikinta ce, wani kamfani da ke wajen Bompai inda take aikin akanta. Tun da aka buɗe gari bayan kullen korona na 2020 suke zuwa ofis sau biyu a mako, sauran kwanakin kowa ya yi daga gida. Yanzu an ce daga farkon wata kowa ya dawo kwana biyar, ƙarfe 8 zuwa 5, an kuma kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa. Ka makara sau uku a wata, sai kwiri. Takarda ta biyu tayin aiki ce daga wani kamfani na Legas: ta zauna a ɗakinta a Rijiyar Zaki ta yi musu aiki, albashin ma ya ɗan ɗara na nan. Sai dai a shafi na uku akwai sharaɗi. Za su sa mata manhaja a kwamfuta mai ɗaukar hoton allonta lokaci-lokaci, mai ƙirga sau nawa ta taɓa madannai da linzami.

"Yaya, wallahi titin nan ya ishe ni," in ji ta. "Amma abin nan da za su dasa min a kwamfuta shi ya tsaya min a rai. Wanne zan ɗauka?"

Ban ba ta amsa a ranar ba. Na ɗanɗani duka biyun. Na yi shekaru ina sa hannu a rajistar da ake ja wa jan layi ƙarfe 8 da kwata, na kuma yi aikin awa-awa ta intanet inda manhaja ke ɗaukar hoton allona. Abin da na fahimta, wanda na ɗauki mako guda ina neman yadda zan faɗa mata, shi ne maganar gida ko ofis ba nan gizo yake saƙar ba. Na'urar bakin ƙofa da manhajar cikin kwamfuta uwa ɗaya uba ɗaya suke, dukansu zaman mutum suke aunawa. Inda suka rabu biyu ne: wa zai biya kuɗin zaman, kuma a ina idon oga yake tsayawa.

Na fara da kwantar mata da hankali cewa ba kamfaninsu kaɗai ne ya tashi da wannan ba. Kamfanin Amazon na Amurka ya fara da tilasta zuwa ofis kwana uku a mako a watan Mayun 2023, har wasu ma'aikatansa suka fito harabar hedikwatar kamfanin a Seattle suna nuna ƙin amincewa. Ko gezau bai yi ba. A Satumban 2024 shugaban kamfanin, Andy Jassy, ya ce daga Janairun 2025 kwana biyar ne cur. Bankin JPMorgan ya bi sahu daga Maris ɗin 2025. Ma'aikata suka haɗa takardar koke suna sa hannu, shugaban bankin, Jamie Dimon, ya ce ko mutum nawa ne suka sa hannu bai dame shi ba. Ranar da Donald Trump ya koma mulki, 20 ga Janairun 2025, ya ba ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka umarnin komawa ofis. Kamfanin kwamfuta na Dell kuwa wayo ya yi a 2024: mai son zama a gida ya zauna, amma ya cire rai da ƙarin girma. Rahotanni suka ce kusan rabin ma'aikatansa na Amurka sun ce sun ji sun gani, a bar su a gidan. Wannan na Dell ya fi ba ni mamaki, don ya nuna irin farashin da mutum zai iya biya a raba shi da titi.

Mu a nan iskar ta wata fuskar ta kaɗa. Jihar Kaduna ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu tun Disambar 2021. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, Kwara da Edo suka rage wa ma'aikatansu kwanakin zuwa aiki suka koma uku a mako. Ma'aikacin Amurka yana ƙorafi ne don ya saba da sakewar gida. Ma'aikacin Kano kuɗin adaidaita yake lissafawa.

To mu fara da aljihun, tunda shi ba ya ƙarya. Daga Rijiyar Zaki zuwa Bompai ratsa gari ne daga yamma zuwa gabas: Kabuga, titin BUK, Gidan Murtala, State Road, sannan ka doshi can. Adaidaita ɗaya ba ta kai ka sai in shata ka ɗauka, kuma tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 wanda ba shi da abin hawa ba shi da wata hanyar yanke. Na ce mata ta ɗauki biro. Mu ƙaddara zuwa da dawowa naira 1,500, abincin rana da ruwa wata 1,500. Kowa ya sa nasa adadin, amma mu tafi a haka. Naira 3,000 sau kwana 22, naira 66,000 ke nan a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. A tsarin kwana biyu a mako, kamar kwana tara ne a wata, wato naira 27,000. Ashe takardar nan da ba ta ambaci albashi ko sau ɗaya ba ta zaftare mata kusan naira 39,000 duk wata. Shi ya sa gunagunin ya fi ƙarfi a wurin ƙananan ma'aikata, su da ba a ba su motar ofis ko alawus ɗin mai ba. Kuma ban sa kuɗin wanki da guga ba, ban sa na mai raino ba, ban sa awa biyun da titi ke cinyewa kullum ba.

Amma kada mai aiki daga gida ya yi saurin guɗa. Ofis yana ba ka abu uku kyauta da ba ka sanin darajarsu sai ka koma saye da kuɗinka: wuta, intanet da sanyi. In unguwarku tana layin Band A, wanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, tun Afrilun 2024 kuɗin wutar ya ninka fiye da sau uku, lokacin da aka kai yunit ɗaya naira 225. In ba ta kan layin, to sai dai ka sa ido a ƙwai. Sola da inbata da batir su ne mafita, amma kuɗi ne dunƙule da za ka zuba tun albashin farko bai shigo ba. Data ma ta hau tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kuma duk mai aiki daga gida da layi ɗaya ganganci yake yi. Sai biyu, in wannan ya yi nauyi a koma wancan. Sannan ga Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Na san waɗanda a watannin nan suke zuwa ofis ba tare da kowa ya ce su zo ba, esi kawai suke bi. Ban ga laifinsu ba.

In aka ɗora a sikeli, wanda gidansa ke nesa kuma ya riga ya mallaki 'yar sola, gida ya fi masa araha nesa ba kusa ba. Wanda yake Dakata ko Hotoro ofishinsa na Bompai, hawa ɗaya ya isa, lissafin yana iya juyawa. Akwai kuma wani rami da albashi mai tsoka kan rufe. Da yawa daga ayyukan nesa kwantiragi ne, ba ɗauka ta dindindin ba. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 a asusun ma'aikaci, shi kuma ya zuba kashi 8. In takardar ba ta ambaci fansho ba, ba ta ambaci inshorar lafiya da hutun haihuwa ba, to ɗan ƙarin da ake gani a sama ya riga ya zube ta ƙasa.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato idon da ke kallonka.

Na'urar dangwale abu biyu ta sani game da kai: lokacin da ka shigo da lokacin da ka fita. Tsakaninsu sai idon oga, shi kuwa ɗan Adam ne. Yana gajiya, yana fita mitin, ana iya yi masa bayani. Ka ce, "Ranka ya daɗe, yaro ne ya kwana da zazzaɓi," ya ce Allah ya sawwaƙe. Akwai oga marar jin bayani, akwai mai 'yan mowa da 'yan bora, ban musa ba. Amma ƙarfe 5 na bugawa ka sa yatsa ka fita, idon nan ya tsaya a bakin get.

Manhaja ba ta gajiya, ba ta kuma jin Hausa. Irin su Hubstaff da Time Doctor da Teramind suna iya ɗaukar hoton allo, su rubuta sunan duk shafin da ka buɗe da minti nawa ka yi a kai, su fitar maka da maki: yau motsinka kashi kaza ne cikin 100. Wasu in an kunna musu, har ta kyamara suke leƙe. A wasu dandalin aikin awa-awa, duk minti goma sai an ɗauki hoton allonka sau ɗaya, kuma ba ka san a wace daƙiƙa ba. Ko manhajar Teams ta Microsoft da ake ɗauka ta hira ce kawai, in ka yi kamar minti biyar ba ka taɓa komai ba, koren ɗigon da ke jikin sunanka sai ya koma ruwan ɗorawa, kowa yana gani.

Ɗora wannan a kan yinin Bakano. Azahar da la'asar duk a cikin lokacin aiki suke, Juma'a kuwa in ka haɗa da tafiya da huɗuba takan ci kusan awa biyu. A ofishin Kano ba mai tambayarka ina ka je ƙarfe 2, oga ma yana sahun gaba. Manhaja ba ta san alwala ba, abin da za ta rubuta shi ne minti 20 babu motsi. An ɗauke wuta kana jan igiyar janareto, babu motsi. Ka jingina da kujera kana tunanin inda wata naira 40,000 ta maƙale a littafi, wanda shi ne ainihin aikin akanta, babu motsi. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka yini suna fama. Wanda yake ofis, oga ya gani da idonsa. Wanda yake gida sai da rantsuwa.

Ni kaina akwai ranar da hoton ya faɗo daidai lokacin da na buɗe saƙon 'yan gidanmu, ana maganar rashin lafiyar wata gwaggonmu da yadda za a haɗa kuɗin asibiti. Manhajar ta ba ni damar goge hoton, amma tare da shi aka goge ladan minti goman. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda daga ranar na riƙa zama a ɗakina kamar baƙo.

Ga mace abin ya fi haka nauyi. Ba a banza aka yi wa gidan Bahaushe zaure ba: baƙo yana da iyakar da zai tsaya, ya yi sallama, a fito masa. Kyamarar kamfani ta tsallake zauren ta shige har ƙuryar ɗaki, inda mace ba ta da mayafi, yara suna gilmawa, suruka tana magana a tsakar gida. Ƙanwata ta ce min ko da a ce maigidanta bai yi magana ba, ita ba za ta sake ba. Duk mai duba irin wannan tayin, ya fara da tambayar kyamara kafin ta albashi.

Doka ba ta bar ma'aikaci a tutar babu ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashinta mai tattara bayananka sai yana da hujjar da doka ta yarda da ita, ya sanar da kai abin da yake tattarawa da dalili, kada kuma ya ɗebi fiye da abin da ake buƙata. Hoton yatsanka da na'urar bakin ƙofa ta adana ma yana ciki, har ma doka ta fi tsananta a kan irinsa. A waje an riga an ja wa manya kunne. Bankin Barclays a Landan ya janye wata manhaja a 2020 bayan ma'aikata sun yi ca a kan yadda take gargaɗinsu in sun bar tebur. A Janairun 2024 aka sanar da cewa hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci sashen Amazon mai kula da rumbunan kaya tarar Yuro miliyan 32, saboda na'urar da ke hannun ma'aikata tana rubuta duk wanda ya yi minti goma bai ɗauki kaya ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ma'aikacin da ke jiran albashin ƙarshen wata da wuya ya kai ogansa ƙara Abuja. Amfanin sanin dokar shi ne ka yi tambaya da ƙwarin gwiwa tun kafin ka sa hannu.

Abin dariyar shi ne tsarin biyu ɗa ɗaya suke haifa, aikin ganin ido. Mun san shi tun zamanin rajista: "Sa min hannu, ina hanya." Aka kawo dangwale don a kashe wannan, sai aka koma a dangwala da safe, a bar jaka da makulli a kan tebur, a zame Kwari ko Singa a duba shago, a dawo ƙarfe 4 da rabi. Turawa ma suna da nasu, mutum ya shigo ya nuna katin shiga, ya sha kofi, ya juya gida. A ɓangaren manhaja kuwa 'yar na'ura ake saye mai jujjuya linzami da kanta, ɗigo ya zauna kore mai shi yana barci. A 2024 bankin Wells Fargo ya sallami fiye da mutum 12 a kan irin wannan. An sayar da biri an sayi kare, tsugunne ba ta ƙare ba. Wani bincike da Microsoft ya fitar a 2022 ya taɓo tushen abin: kashi 87 cikin 100 na ma'aikata sun ce suna yin aiki yadda ya kamata, kashi 85 na shugabanni kuma sun ce da wuya su gamsu da hakan tun da aka raba aiki tsakanin gida da ofis. Yarda ce ta yi ƙaranci, aka nemi na'ura ta cike gurbinta.

Shin ofis yana sa a fi yin aiki? Gwajin da na fi yarda da shi a ƙasar Sin aka yi, a kamfanin tafiye-tafiye na Trip.com, tare da masanin tattalin arziki Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford, aka buga shi a mujallar Nature a 2024. Mutum 1,612 aka raba biyu bisa ranar haihuwa, don kada a ce an zaɓi 'yan gaban goshi. Rabi suna zuwa kwana biyar, rabi an yarje musu Laraba da Juma'a a gida. Da aka bi sawunsu ba a ga bambanci a ƙoƙari ko ƙarin girma ba, amma masu barin aiki sun ragu da kashi ɗaya cikin uku a wurin masu kwana biyu a gida, musamman mata da masu nisan gida. A lura, wannan hujja ce ta rabi-da-rabi. Gwajin da aka yi tun da farko a kamfanin, kan masu amsa waya da suka koma gida kusan gaba ɗaya, ya nuna ƙoƙarinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, amma an fi mantawa da su wajen ƙarin girma, kuma da aka ba su zaɓi kusan rabi suka koma ofis saboda kaɗaici.

Nan ofis yake da rinjaye na gaske, kuma ba na so a raina shi. Wanda ya gama bautar ƙasa bara, abin da yake buƙata ba ya cikin takardar horo. Yana cikin jin yadda babba yake lallashin abokin ciniki a waya, da leƙa kafaɗar wanda ya fi shi, da tambayar da za ka ji kunyar rubutawa amma ka iya yin ta a hanyar masallaci. Haka yaron shago yake koyon kasuwa a Kwari, da zama da gani. Kuma a garin nan aiki na gaba yakan zo ne ta hannun wanda ya san ka, wanda kuka ci abinci kwano ɗaya, ya je sunan ɗanka. Zuwa da kai ya fi saƙo. Kamfanin Legas da bai taɓa ganin fuskarka ba, ranar da zai rage ma'aikata, saƙon imel ɗaya ya ishe shi.

Akwai kalmar da muke da ita wadda ta raba gardamar nan tun kafin a ƙera kwamfuta: jinga. Mai gini ya san bambancin lebura na yini da ɗan jinga. Na yini dole a tsaya a kansa, don rana yake sayarwa. In ta faɗi an biya shi, ko bulo nawa ya ɗora. Ɗan jinga an ce masa ga katanga, ga kuɗinta, ga ranar da za a zo dubawa. Ba mai gadinsa, ma'aunin magini ne zai yi magana. Matan Kano sun shekara aru-aru suna aiki daga gida a kan wannan tsarin: mai ɗinkin hula ba wanda ya taɓa ƙirga mata sau nawa ta soka allura, hular ake dubawa. Alhajin Kwari yakan tafi Umara ya bar yara a shago, in ya dawo ya ƙirga kaya ya ƙirga kuɗi. Yanzu wasu sun sa kyamara suna leƙe ta waya, amma ka tambaye su, har gobe littafin ne ke kama ɓarawo.

Saboda haka tambayar da na ce ta yi wa kowace takarda ita ce: a ƙarshen wata, da me za a auna ni? In amsar ita ce an rufe littafin wata a kan lokaci, babu kuskure, an biya haraji kafin wa'adi, to jinga ce, kuma na'urar da aka kafa ado ce kawai, ana iya zama da ita. In amsar ita ce awa nawa ɗigonki ya yi kore, to aikin yini ne, kuma aikin yini a ofis ya fi aikin yini a gida mutunci, don aƙalla kamfani ne ke biyan wuta, gidanka kuma ya zauna gidanka.

Ga yadda nake ganin rabon. Sabon shiga, da wanda gidansu ke cike da jama'a babu ɗakin da zai rufe, da wanda ba shi da sola, da mai nisan hawa ɗaya, su ɗauki ofis ko da dangwale, ba su yi asara ba. Wanda ya ƙware a aikinsa, yana da wuta da layi biyu, gidansa na nesa, ko mace mai goyo, gida ya fi musu, amma da sharaɗin an sa wa manhajar takunkumi. A samu amsar waɗannan a rubuce, ba a waya ba: kwamfutar ta kamfani ce ko taka, don ba a dasa irin wannan a kwamfutar da ke ɗauke da hotunan iyali da asusun banki, akwai kyamara ko babu, kana iya tsayar da manhajar lokacin salla da cin abinci ba tare da an rubuta maka laifi ba, wa ke ganin hotunan, kuma kwana nawa ake ajiye su, in wuta ko intanet ta ɗauke, wa ke ɗaukar asarar, makin motsi yana taɓa albashi ko kuwa. Ta ƙarshen nan ita ce alƙali. Kamfanin da ya ce e, ni dai ba zan ba wani nawa shawarar ya je ba, ko nawa ne albashin.

Wanda ya fi duka muni shi ne a haɗa maka biyun, ka sha titi ka dangwala, ka zauna kuma manhaja tana ƙirga maka motsi. In ka ga haka, fara gyara takardunka.

Akwai kuma hanya ta uku da mutane ke mantawa da ita saboda fushi, wato ciniki. Umarnin komawa ofis yakan fito da kakkausar murya, amma oga ya san ɗaukar sabon akanta da koya masa aiki ya fi barin tsoho kwana biyu a gida tsada. Wanda ya shiga ofishinsa da ƙorafi zai fito da haƙuri. Wanda ya shiga da tayin jinga, ga abin da zan kawo, ga ranar da zan kawo shi, in na saɓa a dawo da ni kwana biyar, ya ba shi abin da zai iya kai wa na sama da shi.

Ƙanwata ta aika wa mutanen Legas tambayoyin. Suka amsa da mutunci: kwamfuta tasu ce, babu kyamara, ana iya tsayar da manhajar. Amma makin motsi in ya yi ƙasa da wani adadi wata biyu a jere, ana rage alawus, kuma fansho babu. Ta karanta min amsar a waya, ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ashe lebura suke nema."

Litinin ta shiga wurin ogansu da shafi ɗaya. Ta nemi Litinin, Talata da Alhamis a ofis, makon rufe littafi kuma ta zo kwana biyar, rahoton wata ya riƙa isa teburinsa ranar 3 ga wata. Ya karanta, ya ce na sama ba za su so ba, sannan ya ce a gwada wata uku, amma kada ta yayata. Takardar Legas tana cikin durowa, wa'adinta bai ƙare ba tukuna. Jiya ta aiko yaro da adaidaita ya ɗauki tsohuwar inbatata, ta ce batir za ta saya in an yi albashi.